Talata: giya ta biyu da sanyin safiya

Yau ma da na tayar da mota da sassafe, giya ta biyu ta ƙi shiga sai da na tura ta da ƙarfi, har na ji haƙoranta sun yi ƙara. Mako uku ke nan ina fama da wannan. Abin da ya hana ni zargin kuloci shi ne, da zarar na yi tafiyar minti goma giyabos ya ɗumama, sai hannun giyar ya yi laushi kamar ba shi ba.

Da hantsi na ɗauko littafin motar, na tarar man giyabos da aka rubuta shi ne 75W-85 mai matakin GL-4, alhali kuwa wancan karon da aka canza man, 80W-90 mai GL-5 na sa aka zuba, a zatona lamba mafi girma ita ce mafi inganci. Wannan kuskure ya dame ni ƙwarai, domin ni da kaina na zaɓo man. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda mai ke gudana cikin sanyi. Ana gwada 75W a digiri 40 ƙasa da sifili, 80W kuma a digiri 26 ƙasa da sifili, a ma'aunin Celsius, wato 80W ya fi yin kauri cikin sanyi. Idan mai ya yi kauri, zoben tagullar nan da makanikai ke kira sinkuro ba ya iya ture shi da wuri ya kama giyar ya daidaita gudunta. Shi kuwa GL-5 ya fi dacewa da haƙoran aksul masu ɗaukar matsi mai tsanani, shi ya sa ake yawaita masa sinadarin farar wuta da fosfaras, waɗanda kan rage wa zoben kamu, a wasu mayukan ma su riƙa cin tagullar sannu a hankali.

Da yamma na kai wa bakanike motar ya canza man. Ya fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in na ƙasa ya buɗe na sama ya cije, mota ta kwana nan." A jikin maganaɗisun notin akwai garin ƙarfe kaɗan, babu gutsattsari, hankalina ya ɗan kwanta. Ya zuba kusan lita 2 na man da littafin ya ce, har man ya fara ɗigowa ta ramin zubawar.

Giya ta yi ta shiga lafiya a hanyar komawa, amma motar da zafinta. Na bar ta a waje ta kwana cikin sanyi, gobe da asuba zan gwada ta biyun.