Daren da Ngannou ya faɗi

Daren 8 ga Maris 2024 ban runtsa ba. Sefa 40,000 na zuba ta waya a kan ɗan damben Kamaru Francis Ngannou a karawarsa da Anthony Joshua, kuɗin da na tara da keken ɗinki don hayar shago. A Oktoban 2023 na ga ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku a Riyad, sai na ce Anthony Joshua ba zai sha ba. Turmi na biyu bai ƙare ba Ngannou yana kwance. Gidan kallon nan Garwa ya yi tsit. Kowa na jimamin ɗan ƙasarmu, ni kuwa lissafin haya nake.

Abin ya faro ne a Kofin Duniya na 2022, ranar da Aboubakar, tsohon ɗan wasan ƙungiyarmu ta Garwa, Coton Sport, ya ci Brazil. Na sa 1,000, na ci. Wannan cin ne ya ɗaure ni fiye da shekara, ina sane caca haramun ce.

Da asuba na faɗa wa Inna komai. Ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi: "Ɗana, miƙo wayar." A gabanta na goge manhajar cacar, hannuna na rawa.