Katin hoto babu fanka: ashe ba GPU ne ke ƙonewa ba

Daren jiya katin hoton kwamfutata ya yi awa 3 cur yana aiki babu fanka ko ɗaya a jikinsa, allo bai ɗauke ba, wasan bai tsaya ba. Na zauna kusa da akwatin kwamfutar na kasa kunne, ba na jin komai sai agogon bango. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa, don wata guda ke nan wannan katin yana hana ni barci. Akwai ranar da har na ɗauko tsohuwar fankar zan mayar da ita, na ce na haƙura.

Katin GTX 1650 ne, mai GDDR5, irin wanda ya fito a 2019. Na zaɓe shi ne saboda wat 75 kawai yake ci, kuma duk wutarsa daga ramin PCIe yake sha, wato inda ake soka katin a uwar bod, babu wata wayar wuta ta daban. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne kamfanin Palit sun taɓa fitar da wannan GPU ɗin, wato babban guntun da ke sarrafa hoto, babu fanka a jerin KalmX, kamar yadda suka yi wa GTX 1050 Ti kafin nan. Tunda kamfani ya yi, na san abin mai yiwuwa ne. Na samo babban hitsink, wato ƙarfe mai ganyayyaki da ke janye zafi, mai bututun zafi 4, wanda ya fi bod ɗin katin tsawo da faɗi, na cire na asali, na goge tsohon man zafi da ake shafawa tsakanin GPU da hitsink, na ɗaura. Ramukan sukuru ba su zo daidai ba, sai da na yanka faranti na alminiyam na huda da kaina. Wannan bai ba ni wahala ba, yini ɗaya na gama.

Gwajin farko ya ruɗe ni. Na kunna Unigine Heaven, manhajar gwada kati mai kama da wasa, minti 10, manhajar GPU-Z tana nuna digiri 61. Minti 20, digiri 70. Na ce shi ke nan, aiki ya yi. Ban san cewa hitsink mai nauyi haka yana daɗewa kafin ya ƙoshi da zafi ba, gwajin minti 20 bai gaya maka komai. Duk mai wannan aiki ya bar katinsa ya kai awa guda tukuna kafin ya yi murna. Ni a wajen minti 40 allo ya yi baƙi ƙirin. Sautin wasan ya ci gaba na ɗan daƙiƙu, sannan komai ya tsaya cak. Lambar ƙarshe da na gani ita ce 78, alhali katunan NVIDIA na wannan zamanin sai sun kai 83 suke fara rage gudu da gangan. To me ya kashe shi?

A nan na ɓata mako biyu. Na zargi direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, na cire na sake sawa. Na zargi man zafi, na goge na sake shafawa har sau 3. Na zargi memori, na rage mata gudu, na liƙa wa guntayen nan 4 ƙananan hitsink. Kullum labarin ɗaya ne: tsakanin minti 35 da 45, allo ya ɗauke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lambobin duk lafiya lau suke. Kana kallon manhaja tana ce maka babu matsala, katin kuma yana mutuwa a gabanka.

Yatsana ne ya gano abin. Bayan ya ɗauke wata rana, na kashe wuta na zura hannu don in zare katin, sai yatsana ya taɓa bayan bod ɗin, can wajen da koyil-koyil suke jere. Na fizge hannu da sauri, har fatar ta yi ja. Babban hitsink kuwa ana iya riƙe shi na ɗan lokaci. Nan take na gane: VRM ne, sashen da ke daidaita wutar da GPU ke sha. Tsohuwar fankar nan da na raina ba GPU kaɗai take sanyayawa ba, iskar da ke ratsa ganyayyakin ƙarfen tana sauka ne kai tsaye a kan mosfet da koyil da kafasita, wato ƙananan kayan da suka haɗu suka zama VRM. Da na cire ta, na ba GPU gida mai faɗi, su kuma na bar su a rufe ƙarƙashin ƙarfe mai zafi, babu ko motsin iska. Kuma katina ba shi da na'urar auna zafi a wannan sashe, shi ya sa manhaja ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ku yi lissafin da kanku. VRM yana karɓar bolt 12 yana mayar da shi kusan bolt 1, kuma ba ya yin haka kyauta. Ko da kashi 10 cikin 100 ne kawai ke salwanta, wat 6 ko 7 ke nan, a kan wasu 'yan ƙananan abubuwa da ba su kai farcen ɗan yatsa ba. Na liƙa wayar auna zafi irin K a bayan bod da tef ɗin Kapton mai jure zafi, daidai ƙarƙashin mosfet ɗin, na sake gwaji ina kallon mita. Minti 15, digiri 88. Minti 30, ya wuce 105. Da ya kai 112 ban jira ya ɗauke ba, na kashe da kaina. Wannan fa a bayan bod ne, cikin mosfet ɗin ya fi haka. Kafasitocin da ke gefensu kuma 105 ne aka rubuta a matsayin iyakarsu. Sai jikina ya yi sanyi da na tuna sau nawa na kai katin nan wannan hali cikin mako biyu.

Maganin farko da kowa zai kawo shi ne ƙananan hitsink masu gam a ƙasa. Na liƙa guda 4. Sun rage digiri 6 ko 7, ba su hana komai ba, don ƙaramin hitsink a inda iska ba ta motsi ajiyar zafi kawai yake yi na ɗan lokaci. Abin da ya fi muni, a akwati mai tsayuwa fuskar katin ƙasa take kallo, gam ɗin kuma da ya sha zafi sai ya saki. Ina zaune na ji ƙas! Ɗaya ya faɗo ya tsaya a kan ganyen babban hitsink, saura ƙiris ya gangara kan uwar bod da wuta a jikinta. Daga ranar na daina yarda da gam a wannan wuri. Abin da ba a ɗaure da sukuru ba, ba zai shiga akwatina ba.

Sai na koma ga tunanin gada, wato in ɗauke zafin mosfet in kai shi ga babban hitsink, tunda shi yana da sauran wuri. Na fara da hanya mai sauƙi: na tara matashin zafi, wato faifai mai laushi da ke wuce da zafi, mai kauri, milimita 2 sau biyu, na cusa tsakanin mosfet da gindin farantin. Kuskure ne babba, kuma ya ci mini kuɗi, don matashin mai kyau ba arha yake ba, wanda aka matse sau ɗaya kuma ya tashi daga aiki. Na farko, matashi mai kyau bai wuce 6 zuwa 12 a ma'aunin saurin wuce da zafi na W/mK ba, jan ƙarfe kuwa yana wajen 400, don haka milimita 4 na matashi kusan bargo ne. Na biyu, kaurin ya ɗage hitsink ɗin daga gefe guda. GPU ya haura 83 cikin minti 5, tazarar da ke tsakanin zafin gama-gari da na wuri mafi zafi ta tashi daga digiri 11 zuwa 26. Da na kwance na duba shatin man zafin, gefe ɗaya ya baje siriri har ana ganin ƙyallin guntun, ɗaya gefen kuma man yana nan tule kamar ba a taɓa shi ba. Na yi sa'a gefen guntun bai ɓalle ba, don GPU ba shi da murfin ƙarfe irin na CPU, tsirara yake.

Wanda ya yi aiki shi ne sandar jan ƙarfe mai kauri milimita 2. Kafin in yanka, na sa ɗan yumɓun wasan yara a kan mosfet ɗin, na ɗaura hitsink, na kwance, na auna yadda ya baje da kalifa, abin auna kauri. Da na yi haka tun farko, da ban yi asarar matashi fakiti biyu ba. Na yanke sandar da zarto, na lanƙwasa ta a bayis sau biyu ta zama kamar matakala, ƙafa ɗaya ta kwanta a kan mosfet da matashi milimita 1, ɗayar ta hau ta rungumi bututun zafi biyu da ɗan man zafi a tsakani. Lanƙwasar ce ta sha ni. Ta farko ta karkace, ta biyu ta taɓa kan koyil, ta uku ce ta zauna bayan na ci ta da magagari kusan awa guda ina gwadawa ina cirewa. Na ɗaure ta ta ramuka biyu da tsohuwar rigar fankar ta bari a bod, da sukuru masu sifirin da washa na roba, na rufe duk abin da ke kewaye da Kapton don kada jan ƙarfen ya haɗa wuta. Sakamako: bayan bod ya sauko daga 112 zuwa 94, GPU kuma ya hau zuwa 82, tunda yanzu su biyu ke raba hitsink ɗaya. Allo ya daina ɗaukewa, amma ban gamsu ba, a bakin iyaka nake.

Wani wuri a cikin wannan hidimar na tayar da katin tsaye, ban ma tuna ko kafin gada ta biyu ne ko bayanta ba. Dalilin dai a fili yake. Iska mai zafi sama take nema, katin da ke kwance kuwa bod ɗinsa ya zama rufi a kan hitsink, iskar ta taso ta bugi rufin ta tsaya. Da igiyar raiza, wadda ke haɗa katin da ramin PCIe daga nesa, na juya shi, ganyayyakin suka zama hanyoyi a tsaye daga ƙasa zuwa sama, na cire murfin saman akwatin da raga mai tace ƙura, na ɗaga akwatin daga tebur da ƙafafu masu tsayi don iska ta samu shiga ta ƙasa. Idan ka ɗora tafin hannu a sama yanzu za ka ji ɗumi yana tasowa a hankali, babu abin da ke tura shi. Igiyar farko da na saya mai arha ce, ta riƙa ɗumi a wajen mahaɗinta, na tsorata na cire. Ku tuna katin da ba shi da wayar wuta ta daban, ta cikin wannan igiyar yake jan har amfiya 5.5 a layin bolt 12. Ta biyun ta kusa kai kuɗin hitsink ɗin kansa, kuma har yanzu abin yana yi mini ciwo.

Tazarar ganyayyakin hitsink ɗina ba ta kai yadda nake so ba. Waɗanda aka yi don fanka matsattsu ne, kusan milimita 2, iska mai tashi da kanta kuma tana son fili, milimita 6 zuwa sama. Nawa yana tsakiya. Na yi tunanin yanke ganye ɗaya in bar ɗaya, amma an matse su ne a jikin bututun, kuma bututun zafi da zarar ya huje ya mutu. Na bar shi haka.

Abin da ya rufe aikin shi ne rage boltej, kuma ina ganin da shi ya kamata in fara. Wutar da guntu ke ci tana tafiya ne da ninkin boltej a kansa, sau gudu. Katina yana hawa wajen bolt 1.04 idan an sake shi. A manhajar MSI Afterburner na buɗe layin boltej da gudu da Ctrl+F, na ɗaga ɗigon 0.800 zuwa 1650 MHz, na shimfiɗe duk abin da ke bayansa. Raba 0.8 da 1.04 ka ninka a kansa, za ka samu kusan 0.59, tun kafin a sa ragin gudu a lissafi. Na gwada 1710 a wannan boltej ɗin, ya faɗi bayan minti 12. Na gwada 1680, ya yi awa guda sannan direba ta sake tashi. 1650 ne ya tsaya daram, kuma bai yi nisa da 1665 da NVIDIA ta rubuta wa katin ba. Cin wuta ya sauko wajen wat 50. A wasa ban ga bambancin da ido zai kama ba.

Lambobin jiya ke nan, ɗaki yana digiri 27: bayan awa 3, GPU 71, wuri mafi zafi 82, bayan mosfet 79, kuma tun daga minti 50 babu wanda ya ƙara ko digiri ɗaya. A FurMark, manhajar gwaji mai tsanani, na bar shi minti 30 kawai, GPU ya kai 77, ban ga amfanin azabtar da katin fiye da haka ba.

Sai dai shirun ya tono wani abu. Yanzu da babu fanka, ina jin koyil ɗin suna wani siririn kuka, tsiii, musamman a shafin farko na wasa inda hotuna ke gudu ɗari-ɗari a daƙiƙa. Da can ƙarar fanka ce ke rufe shi. Na kulle gudun hoto a 60, ya ragu sosai, amma da dare idan gari ya yi tsit ina jin sa idan na matsa linzami. Wasu suna ɗiga wa koyil gam don ya daina rawa, ni kuwa ina tsoron rufe abin da na sha wahala kafin ya huce. Wanda ya taɓa yin haka a katin da ba shi da fanka, don Allah ya gaya mini nawa zafin koyil ɗinsa ya ƙaru. Kafin nan zan bar wayar auna zafin a liƙe a bayan bod na wani mako, in ga yadda matashin nan na milimita 1 zai yi bayan ya sha zafi da sanyi sau da yawa, don ina zargin sukurun gefen hagu zai buƙaci ƙarin rabin juyi.