Abin da Koken Mazauna Unguwa Ya Koya Mini Kan Ginin Bene a Gusau

Takardar koken da mazauna unguwar manya ke rubutawa idan suka ji za a yi bene kusa da su kusan iri ɗaya ce kullum: za a sare itatuwa, ruwa zai yi ƙaranci, motoci za su cika layi, tarbiyyar yara za ta lalace. Aikina zanen gidaje da tsara filaye ne a wani ƙaramin kamfani a Gusau, kuma irin wannan takarda ta sha biyowa ta hannuna. Abin da aikin ya koya mini shi ne ba a amsa ta a dunƙule. A cikinta akwai kukan da gyaran zane ke sharewa, akwai wanda sai mai gini ya buɗe bakin aljihu, akwai kuma wanda aka lulluɓe da maganar itace don faɗinsa a fili yana da nauyi.

Tsarin GRA, wato unguwar manya da gwamnati ke keɓewa, a Najeriya na Turawan mulki ne. Dokar garuruwa ta 1917, zamanin Lugga, ita ta ƙarfafa ware wa Bature unguwarsa, aka kuma riƙa barin fili na yadi 440 tsakaninsa da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. Da suka tafi, manyan ma'aikata suka gaji gidajen da tsarin gaba ɗaya: gida guda a tsakiyar makeken fili, mangwaro da dogonyaro da maɗaci sun yi masa rumfa. Garin kuwa bai tsaya ba. A 1996 aka ƙirƙiri Zamfara, Gusau ta zama babban birni. A 2013 aka kafa jami'ar tarayya. Sannan ta'asar 'yan bindiga ta kwararo da mutane daga yankunan Maru, Anka, Maradun, Zurmi da Tsafe. Duk wanda ya nemi ɗaki da falo a Tudun Wada ko Sabon Gari a 'yan shekarun nan ya san yadda dillalai ke ɗaga kai.

Aikin da ya fi buɗe mini ido na wani ɗan kasuwa ne da ya sayi tsohon gida daga hannun magada, yana so ya rushe shi ya yi bene mai ɗaukar iyali goma sha biyu. Maƙwabta suka yi ca. Aka kira zama a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, kowa ya maimaita abin da ke cikin takarda. Da aka tashi, wani dattijo, tsohon ma'aikaci da katangarsa ta haɗu da filin, ya riƙo hannuna ya ce, "Ɗana, zo ka ga wani abu." Ya aika yaro ya gaya wa mata za a shigo. A tsakar gidan ga turmi a kife, ga igiyar shanya, ga murhu a gindin katanga, ga ƙusoshin da ake ɗaura gidan sauro idan bazara ta hana kwanan ɗaki. Ya nuna sama da sandarsa, daidai inda baranda za ta faɗo, ya ce, "Wanda ya tsaya can, me zai gani?" Na ce, "Baba, komai." Ya ce, "To, shi ke nan maganata."

Wannan batu babu shi a takardar koken, ko layi ɗaya. Magidanci ba ya rubuta zancen iyalinsa a takardar da za ta yi yawo ofis-ofis, sai ya ce itatuwa. Alhali shi ne ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi, domin malaman Malikiyya sun daɗe da hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa cikin gidan maƙwabcinsa, bisa hadisin nan na babu cuta babu cutarwa. Kuma shi ne mafi sauƙin magani. Muka juya barandoji suka kalli tsakiyar filin. Tagogin da ke ɓangaren maƙwabta muka ɗaga su sama da tsayin mutum, iska da haske su shiga, ido kada ya fita. Matakala muka rufe ta da bulo mai huji. Har wurin tankin ruwa muka sauya, saboda mai gyaran famfo ma idan ya hau ido gare shi. Tun daga nan, kafin in ja layi ɗaya a irin wannan aiki, sai na sa an kafa tsani a filin na hau na duba gabas da yamma.

Maganar ruwa gaskiya ce, kuma ita ce masu gini suka fi ƙin ji. Gusau a kan dutse take zaune, ba kamar Sakkwato da Birnin Kebbi da ƙasarsu ke riƙe ruwa ba. Rijiyar burtsatse a nan tana dogara ne da tsagar da aka dace da ita a cikin dutsen, ruwan famfo kuma kowa ya san halinsa. Filin da iyali ɗaya ke sha a cikinsa, idan ya koma na goma sha biyu, rijiyar maƙwabci na iya ja da baya a watan Afrilu. Ga ramin masai da dole a nisanta shi da rijiyoyin mutane, ga taransifomar da da ma tana nishi, ga ruwan sama da a da ƙasa ke shanyewa, yanzu siminti zai tura shi layi. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma a ganina mai ginin ne ya kamata ya biya, tunda shi zai karɓi haya. Na gaya masa haka. Ya ɓata rai, ya ce, "Injiniya, kai nawa ne ko nasu?" Daga baya dai ya yarda da babban tanki na ƙasa da lambatu har bakin kwalbati, aka rage gidajen zuwa takwas.

Itatuwa ba su ba mu wahala ba. An gusa da ginin, mangwaro biyu suka tafi, sauran suka tsira. Inuwa a garin da zafinsa ke haura digiri 40 ba ado ba ce. Sai dai na lura wasu daga masu kukan itacen sun riga sun sare nasu sun jera shaguna a jikin katanga.

Bayan an share duk wannan, wasu ba su sauko ba, a nan ne ainihin maganar ta fito: "Ba mu san waɗanda za a zuba mana ba." Ba na raina wannan tsoro. A Zamfara ta yau, inda ake fama da masu kai wa ɓarayin daji rahoto, baƙuwar fuska abin dubawa ce. Amma wa zai iya biyan hayar irin wannan gida? Ma'aikaciyar jinya, malamin jami'a, ma'aikacin banki, sabon ango da gidansu ya cika. Waɗanda suka gudo daga ƙauye kuwa suna cikin unguwar tun tuni, a kangaye da ɗakunan gadi, su ke yi wa masu koken wanki da ɗiban ruwa. Abin da ake gudu shi ne ɗan haya ya zama maƙwabci, yaransa su yi wasa da naka, ya tsaya kusa da kai a sahu a matsayin ɗan unguwa. Wannan kam ba ni da zanen da zai warkar da shi, kuma ban ga dalilin da zai sa hukuma ta saurare shi ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana don amfanin kowa, takardar mallaka kuma iko take ba ka a kan filinka, yawanci na shekara 99, ba ta ba ka zaɓen wanda zai kwana a bayan katangarka ba.

Wani abin da na riƙa lura da shi a irin wannan zama: duk wanda ke kan tabarmar yana da gida. Mai neman gidan yana can yana bin dillali, bai ma san ana zaman ba, ba kuma wanda zai kira shi.

Cunkoson da ake gudu kuwa yana shigowa ta ƙofar da ba mai iya rufewa, wato rabon gado. Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha, a kira safiyo ya yanka filin gida-gida, kowa ya ja katangarsa, ya haƙa rijiyarsa da masansa kusa da na ɗan'uwansa, a sare itacen da ya tsaya a kan iyaka. Ba a kiran zama, ba a rubuta koke, domin 'ya'yan unguwa ne. A layin da aka yi rigimar nan, gidaje biyu sun riga sun tafi haka, kuma ruwan da ke kwanciya a bakin hanya da damina daga wajensu yake fitowa.