Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da aka kayar da ni a ajin baftisma

Makon jiya na yi muku alkawarin labarin yadda na shiga koyon walda a Kakuri, cikin garin Kaduna. Ku yi haƙuri, walda za ta jira. Lahadin nan aka yi wa 'yar Talatu baftisma a Sabon Tasha, ina tsaye ina kallon yaran cikin fararen kaya, sai 1984 ta dawo mini ɗanya shakaf, har warin kananzir na fitilar da ke kan teburin dattawa. Tun ran nan ban yi barcin kirki ba, gara in rubuta in huta.

Shekarata 16 a lokacin. Mu goma sha huɗu ne a ajin, kowace Asabar da yamma, wata shida cur. Wanda ya tashi a ikilisiyar ECWA ya san ba a yi wa jariri baftisma a wurinmu. Jariri miƙa shi ake yi, a yi masa addu'a. Ruwa kuwa sai ka yi wayo, ka buɗe baki da kanka ka ce ka tuba ka karɓi Yesu, sannan a nutsar da kai gaba ɗaya. Abokaina 'yan Katolika da Angilika na unguwa sukan tsokane ni wai gardi da ni har yanzu ban shiga ruwa ba, su tun suna goye aka gama da su. Wannan tsokanar na cikin abin da ya kai ni ajin, gaskiya ɗaya ce.

Kuma na yi karatu, wannan kam ba zan yi kara ba. Babu wanda ya kamo ƙafata. Littattafai 66, Tsohon Alkawari 39, Sabon Alkawari 27, ina jero su tiryan-tiryan daga Farawa zuwa Ru'ya ta Yohanna, in kuma juyo da baya. Na ce Yohanna don da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 na tashi, na Baba, mai baƙar fata da ta sha hannu har ta yi laushi. Sabon juyin da ke cewa Yahaya da Almasihu ya riga ya fito, amma Baba ya ce shi da Yesu Kristi da Yohanna aka yi masa bishara a Kwoi, da su zai mutu. Fasto ya koya mana cewa Littafin nan hurarre ne daga Allah, babu kuskure a cikinsa, kuma in maganar fasto ko ta gargajiya ko mafarkin wani ta yi karo da shi, Littafin ne alƙali. Na haddace. Cewa Yesu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, budurwa Maryamu ta haife shi, bai yi zunubi ba, aka gicciye shi a zamanin Bilatus, ya tashi da jiki rana ta uku, ya hau sama, zai kuma dawo ido na ganin ido, duk na zuba a kai kamar jadawalin lissafi.

Ranar gwaji dattawa uku suka zauna, ana kiranmu ɗaya bayan ɗaya, sauran na zaune a bencin baya suna ji. Na tsakiyar ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa na nan da rai, muna gaisawa. Mai keke ne, kullum da maƙalen wando a ƙafa ko a cikin majami'a. Ya tambaye ni ko Allah nawa ne. Na ce ɗaya, Baba: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, uku cikin ɗaya, babu wanda ya girmi wani. Ya ce farillai nawa Ubangiji ya bar wa ikilisiya. Na ce biyu, baftisma da Jibin Ubangiji. Ya gyaɗa kai. Sai ya cire tabarau ya ce, “To yaro, in ka mutu daren nan, Allah ya ce don me zai bar ka ka shiga mulkinsa, me za ka ce masa?”

Na gyara tsayuwa. Na ce ban taɓa fashin sujada ba, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ba na shan burkutu, ba na taba, ba na bin 'yan mata, ga shi kuma za a yi mini baftisma.

Ya yi dariya. Dariyar nan ce, ita ce har yau. Ya juya wajen 'yan uwansa ya ce, “Wannan ai Bafarisiye aka kawo mana.” Wato mai taƙama da ayyukansa a gaban Allah. Bencin baya ya ɗauki dariya, har da Asabe, wadda saboda ita na yi aron takalmin Kawu a ranar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka ce in dawo baɗi. Ɗan dattijon na cikinsa kuwa, wanda na sani sarai inda yake zuwa bayan layin dogo ranar Juma'a da dare, ya ce shi mai zunubi ne, jinin Yesu kaɗai ne madogararsa, ya wuce sumul.

Na isa gida ina huci. Baba ya dawo daga aikin dare na masaƙa ke nan bai ko gama hutawa ba, audugar na nan a gashinsa. Na zayyana masa komai, ina jiran ya sa riga ya tafi ya ƙwato mini haƙƙina. Ya saurara har na gama. Sai ya ce Mama ta miƙo masa takardar albashinsa daga cikin gwangwanin da yake ajiya. Ya ce, “Ka ga wannan? Ƙarshen wata in na je karɓa ba na gode wa kowa, gumina ne. In suka rage sisi zan yi rigima. Kai abin da ka je yi ke nan, ka je wa Allah da takardar albashi. Alheri ba albashi ba ne.” Ya buɗe Afisawa sura 2, aya 8 da 9, ya sa na karanta da ƙarfi, inda aka ce ta wurin alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, kyauta ce, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Ayar tana cikin waɗanda na haddace. Na sha rera ta a makarantar Lahadi don a ba ni alewa. Ya ƙara da Romawa 6:23, ya ce in dai albashi nake so, ga shi nan an rubuta abin da zunubi ke biya.

Ban yarda ba a daren. Na ce to in haka ne kowa ya yi abin da ya ga dama mana. Ya ce itacen mangwaro ba don ya zama mangwaro yake yin 'ya'ya ba, don ya riga ya zama ne. Aikin kirki yana biyo sabuwar haihuwa, ba ya sayen ta. Ruwan baftismar ma ba ya wanke komai, shaida ce kawai a gaban jama'a cewa an binne ka tare da Kristi an tashe ka. Ya ce akwai waɗanda suka shiga Kogin Kaduna busassun masu zunubi suka fito jiƙaƙƙun masu zunubi.

Baba bai yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro ba, ko da yake ya so. Iliminsa na bakin masu bishara ne. Amma tarihin 'yan mishan na SIM, ƙungiyar da ECWA ta fito daga cikinta, a bakinsa yake kamar na danginsa: samari uku da suka sauka Ikko a 1893, Bingham da Gowans da Kent, biyu suka mutu cikin shekara guda, Gowans a Girku nan ƙasarmu a 1894, ba tare da ya ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Yakan ce wa ya biya wannan yaron? Kuma ba ya gajiya da maganar Byang Kato, ɗan Kwoi kamarsa, wanda ya riƙe sakataren ECWA, ya tsaya kai da fata cewa ba a gauraya bishara da dodo, ceto ta wurin Yesu ne kaɗai. Ranar da labari ya zo a 1975 cewa ya rasu a ruwa a Mombasa ta ƙasar Kenya, Baba bai ci tuwo ba. Ina ɗan shekara bakwai, na cinye nasa.

Maganar albashin nan ta dawo ta wata ƙofa da ban zata ba. Bayan rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, da gari ya rabu kogi ya zama iyaka, masaƙu ma suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya yi shekara sama da talatin yana shaƙar auduga, kuɗin sallamarsa bai taɓa shiga hannunsa ba. Na raka shi zaman jira ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wata rana muna dawowa a ƙasa don babu kuɗin mota, na ce masa cikin ɗaci, “Baba, ga albashin naka.” Ya tsaya ya yi tari, ya ce, “Ka gode wa Allah da ceto bai bi ta ofishin biya ba.” A wannan hanyar muka haɗu da Malam Sani, abokin aikinsa da ya koma Tudun Wada bayan rikicin. Shekara ashirin suna gardamar Uku cikin Ɗaya a lokacin hutun cin abinci, Malam na cewa lissafin bai fita ba, Baba na cewa Allah ɗaya ne tak kuma ba ya shiga ma'aunin awo. Babu wanda ya taɓa ja da baya. Suka rungume juna a bakin titi, Malam ya biya mana kuɗin bas.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na wuce wasu sababbin wurare a Narayi da Ungwan Boro, lasifika na ihu wai ka shuka iri na dubu hamsin Allah ya buɗe maka ƙofa. Har Talatu ta taɓa kai kuɗin makarantar yara. Baiko da zakka muna bayarwa, tun ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954 da su ake riƙe fastoci da masu bishara na EMS, reshen bishara na ECWA, a ƙauyuka, amma ba wanda ya taɓa ce mana rasit ne. Da Baba na da rai, na san kalma biyar ɗin da zai faɗa: alheri ba albashi ba ne.

An yi mini baftisma a 1985, da damina, ruwan ya yi ja. Dattijon ne ya riƙe mini tawul a bakin kogi. Bai ce komai a kan bara ba, ni ma ban ce ba. Na yarda amsata ba daidai ba ce, na daɗe da yarda, ni da kaina na yi shekara tara ina yi wa 'yan aji wannan tambayar. Amma ban taɓa yi wa ɗan kowa dariya ba, kuma na hana a zaunar da sauran a baya suna ji. Abin da za a ja yaro gefe a gaya masa cikin minti biyu. Da ya rasu na je jana'iza, na ɗauki akwati, na rera waƙar tashin matattu da kowa, kuma na gaskata zan gan shi a ranar. Ina da tambaya ɗaya da na ajiye masa.

Asabe kuwa ɗan nasa ta aura. Wannan sai mako mai zuwa, in walda ta sake yin haƙuri.