Wa za ki bar wa ɗanki?

Na yi aikin sa-kai a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri, inda aka tara mutanen Gwoza, Monguno, Marte da Guzamala. Yawancin matan ba su san juna ba kafin rikicin Boko Haram ya koro su, wasu ma yarensu ba ɗaya ba. Amma rayuwar sansani ba ta yiwuwa mace ita kaɗai.

Tun da asuba jarkoki ke jeruwa a bakin famfo, kowace jarka tana riƙe wa mai ita layi, kuma akwai wadda ke sa ido kada a ture ta. Itace ba a zuwa nema sai a ayari, saboda kowa ta san abin da ke samun wadda aka ritsa ita kaɗai a daji. Da dare ko bayan gida sai da rakiya. Ranar rabo, mai jego takan miƙa katin abincinta ga maƙwabciya ta karɓo mata. Ku tsaya ku yi tunani: katin nan shi ne abincin 'ya'yanta na wata guda, ta damƙa shi a hannun matar da bara ba ta san sunanta ba. "Yaya, ga amana," iyakar abin da take cewa ke nan.

Yardar ba ta kai ga kowa ba, wannan kuwa yana ci mini rai har yau. Wadda ta kuɓuto daga hannun mayaƙa, balle da goyo, sai a ja jiki da ita, a hana yara wasa da ɗanta. Waɗanda aka ɗora wa tsaro su ma ba duka ne abin yarda ba: a 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanoni bakwai na Maiduguri. Mai irin wannan ciwo 'yar'uwarta mace take fara raɗa wa.

A ƙarshen 2021 gwamnatin Borno ta rufe Bakassi. An ƙirga kawuna, an raba kuɗin sallama, kowa ya kama gabansa. Na so a ce an tambayi matan nan da wa suke son a tsugunar da su, domin wadda ta yi shekaru kafin ta samu mai riƙe mata ɗa, yanzu sai ta faro daga farko a inda ba ta san kowa ba.