Na ci shari'a da 'yan sanda, amma diyyar tana kan takarda har yau

Kotu ta ba mu gaskiya, kuma ba na nadamar zuwa. Abin da yake ci mini rai shi ne babu wanda ya gaya mini tun farko cewa hukunci daban, kuɗi a hannu daban.

Ƙanena ne ya karɓi atamfofi bashi, kasuwa ta juya masa baya, ya bar gari. Mai kayan ya ɗauko 'yan sanda, da suka rasa shi sai suka tafi da Baba, dattijo mai hawan jini, wai sai ɗansa ya fito. Laifi biyu ke nan a tashi ɗaya: Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma hana kamu a kan bashi ko saɓa yarjejeniya. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Baba ya zarce haka nesa ba kusa ba, kuma sai da muka biya kafin ya fito, ga "beli kyauta ne" manne a bangon caji ofis ɗin.

Shari'ar kanta ba ta wahalar da mu ba. Ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, bisa ƙa'idojin 2009 da suka tsara irin wannan ƙara, da takardar rantsuwa ake yin ta, Baba bai ma shiga akwatin shaida ba. Mai shari'a ya ce kamun haramtacce ne, a biya diyya, a nemi afuwa a bainar jama'a.

Sai da muka zo karɓa lauyanmu ya yi mini zancen sashe na 84 na dokar da ta tsara aiwatar da hukuncin kotu: kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai da amincewar Antoni Janar. Na ce masa, "Barista, ka san da wannan ka bar ni ina lissafin kuɗin asibitin Baba a kan diyyar?" Ya ce ai kowa ya sani. To ni ban sani ba.

Abin da ya fi ƙona ni, mai atamfofin, wanda ya biya kuɗin mai ya nuna gidanmu da yatsa, yana shagonsa yana ciniki. Ba a sa sunansa cikin ƙarar ba. Wani lauya ya bayyana mini daga baya cewa kotuna kan ɗora diyya a kan wanda ya ingiza kamun, muddin an nuna ba rahoto kawai ya kai ba, shi ya tsaya kai da fata. Asusunsa kuwa ba na gwamnati ba ne, babu amincewar kowa da za a jira.

Saboda haka duk mai shirin irin wannan ƙara, kafin ya biya ko sisi ya tambayi lauya wa da wa za a maka a kotu, kuma daga aljihun wa kuɗin za su fito. Ƙorafi ga Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ko Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa ba ya cin kuɗin lauya, a haɗa da shi. Amma sunan wanda ya kawo 'yan sandan, a tabbata an gan shi da ido a jerin waɗanda ake ƙara kafin a sa hannu a takardar rantsuwa.