Mako na bakwai a bakin Ajiwa: tsalle tara, da kafaɗa mai ciwo

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon tsallen kwaɗo, wato jifan dutse ya riƙa tsalle a kan ruwa. Sati biyu ba ku ji ɗuriyata ba, kafaɗa ce ta kwantar da ni, kuma ni na jawo wa kaina. Tun da na fara zuwa dam ɗin Ajiwa da ke kusa da Katsina ranakun Asabar nake jifa da iya ƙarfina, kamar mai korar biri daga gona. Dutsen ya yi tsalle uku ko huɗu, sai cuɓul, ya nutse. Na ƙara ƙarfi, ya nutse da wuri.

Zaman jinyar nan ne ya sa na koma karatu. Akwai wasu masana kimiyya uku a Faransa, Clanet da Hersen da Bocquet, waɗanda suka ƙera na'ura mai harba faifan alminiyam a kan ruwa, suna ɗauka da kyamara mai saurin gaske. A 2004 suka fitar da sakamakon: faifan ya fi tashi idan ya taɓa ruwa gabansa a ɗage da kimanin digiri 20. Idan kuma jifan ya gangaro a tsaye, ya wuce digiri 45, babu tsalle ko ɗaya, komai ƙarfin hannunka. Digiri 20 ba wani ɗagawa ba ne. Ku dubi agogon bango, tazarar da dogon hannu ke ci a minti uku da ɗan ɗoriya, shi ke nan.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Gindin dutsen ne ke fara shiga ruwa, ya tura ruwan ƙasa, ruwan shi kuma ya tunkuɗo shi sama. In ya kwanta ɗam, ruwan ba ya samun inda zai tallafe shi. In ya ɗaga kai da yawa, ruwan ya zame masa birki. Ni kuwa duk makonnin nan a tsaye ƙiƙam nake jifa, hannuna na saukowa daga sama, wato ina aika dutsen ƙasan dam da kaina ina kuma ganin laifinsa.

Sai maganar juyi, wadda ita ce ta fi ba ni wahala. Duk wanda ya yi wasan katantanwa da yarinta ya san muddin tana juyawa ba ta faɗuwa. Haka dutsen yake. Juyin ne ke riƙe masa wannan ɗan ɗagawar bayan kowane bugu, in babu shi, bugun farko zai wuntsila shi. Kuma ba daga kafaɗa yake fitowa ba, daga manuniya ne. Ka naɗe ta a gefen dutsen, babban yatsa a sama, na tsakiya a ƙasa, ita ce za ta rabu da shi a ƙarshe tana murza shi. Kwana uku na yi a tsakar gida ina gwadawa da murfin gwangwani, har Inna ta leƙo ta ce, "Kai kuma lafiya, ko aljanu kake jifa?"

Asabar ɗin da ta wuce na isa bakin ruwa bayan asuba, kafin iska ta taso ta yamutsa fuskarsa. Na durƙusa har gwiwar dama ta kusa taɓa ƙasa, hannu ya wuce daidai ƙugu, na rage ƙarfi kusan rabi. Jifa na huɗu ya ba ni bakwai. Can kusan ƙarfe takwas na samu tara, kuma ina da shaida, domin ƙanena ya ɗauka a waya mun ƙirga a hankali. Ku riƙa ɗauka, don Allah. Tsallen ƙarshe-ƙarshe gajeru ne, suna bin juna da sauri saboda kowane bugu yana cinye gudun dutsen, ido kuma yana son yi wa mai shi ƙari. Wanda na rantse goma sha ɗaya ne, a waya takwas ya fito.

Matsalarmu a nan ita ce abin jifan. Ƙasarmu yashi ce da marmara, marmara kuwa ƙulu-ƙulu ce, ba ta da fuska. Tsingaro ya yi faɗi daidai amma ba shi da nauyi, iska kaɗan ta karkatar da shi. Abin da ya karɓe ni shi ne fasasshen tayil da na tsinto a wani kango ta wajen Ƙofar Ƙaura, na goge kaifin a kan siminti har ya kusa zama da'ira, girman tafin hannu. Kada ku jefa shi da kaifinsa, yana yanka manuniya. Da na gane za a tara tarkace a ruwan da gari ke sha, na rage yawansa, yanzu ina neman tsakuwa mai faɗi a inda ake sauke duwatsun gini.

Wani dattijo masunci ya daɗe yana kallona daga kwale-kwalensa, sannan ya matso ya ce, "Ɗana, kifin nan da kake kora, kai za ka ciyar da iyalina?" Na ce, "Tuba nake, Baba." Ya nuna mini wani lungu can gaba inda ba sa shimfiɗa raga, ruwan wajen ma ya fi kwanciya. Na gaya masa wani Ba'amurke mai suna Kurt Steiner ya yi tsalle 88 a 2013, ya yi dariya ya ce wannan ba shi da gona.

Asabar mai zuwa zan gwada goma a lungun Baba. Wanda zai zo ya same ni a Ƙofar Marusa da an sallame asuba, ya taho da duwatsunsa, nawa guda ashirin ne kacal.